Fuskar Ya Kellu a Cikin Leda

Falmata ce mace ta farko da ta buɗe shagon kwamfuta a layinsu a Gashuwa, bayan ta gama karatu a Maiduguri. Yawancin aikinta buga katin biki ne, amma akwai wata dabara da ta koyo a makaranta da take ji da ita. Sai ta sa kwamfuta ta raba hoto gida biyu, ta buga kowane rabi a kan leda mai kauri da ake gani ta cikinta. In ka duba leda ɗaya ba abin da za ka gani sai ɗigo-ɗigon baƙi birjik, kamar an watsa gero a tabarma. In aka ɗora ɗaya kan ɗaya daidai, sai hoton ya bayyana. Malaminsu ya ce amfaninta shi ne mutum biyu su riƙe sirri ɗaya, ba mai iya buɗe shi sai da ɗan'uwansa.

Wata rana Mudi, mijin yayarta Suwaibatu, ya zo daga Nguru. Da can fataucin busasshen kifi yake yi, kasuwa ta juya masa baya. Ta nuna masa dabarar da hoton raƙumi don nishaɗi. Bai yi dariya ba, ya dai yi ta haɗa ledojin yana rabawa.

Bai daɗe ba ya dawo da wani hoton biki, ya ɗora yatsa a kan wata tsohuwa da ke zaune a gefe.

"Ƙanwata, wannan fuskar za ki yi mini. Goggona ce, so nake in ba ta mamaki."

"An gama, Yaya Mudi."

Har gyara hoton ta yi, ta ƙara wa zanen Barebari da ke kumatun tsohuwar duhu don ya fito sosai.

Bayan ƙaramar sallah ta je Nguru gaida Suwaibatu. Ta tarar da takalma jibge a ƙofar zaure, hayaƙin turare na fitowa.

"Malam na aiki," in ji Suwaibatu, murya ƙasa-ƙasa.

"Wane Malam?"

Suwaibatu ta kau da kai. Falmata ta leƙa ta bayan asabari. Ga Mudi an naɗa rawani, gabansa wani manomi da ake kira Dunoma, riƙe da 'yarsa wadda zazzaɓi ya ramar da ita. Mudi ya karɓi leda daga hannun Dunoma, yana tambayarsa ko ledar ta kwana ƙarƙashin matashin yarinyar. Ya ciro ta biyu daga cikin ƙwarya, ya tofa mata yawu, ya ɗora a kan ta farko, ya ɗaga su saitin hasken ƙofa.

Zauren ya ɗauki salati.

"Ya Kellu ce! Wallahi Ya Kellu mai daddawa! Ashe ita ce mayyar!"

Ba goggonsa ba ce. Maƙwabciyarsu ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a garin. Falmata ta ga zanen da ta gyara da hannunta, yawun Mudi na gangarowa a kansa. Ba ta san sanda ta faɗa zauren maza ba.

"Ƙarya ne! Ni na buga wannan a shagona. Yaya Mudi, ka ji tsoron Allah!"

Mudi ya yi murmushi, ya dubi jama'a. "Ku yi mata haƙuri, 'yar boko ce. Su ba su yarda da komai ba."

Ba wanda ya ko waiwaye ta. Dunoma ya riga ya saɓi 'yarsa ya fita, jama'a na biye.

Aka janyo tsohuwar daga ɗakinta, aka yi fatali da faifan daddawarta. Aka kwantar da yarinyar a ƙasa, aka ce sai tsohuwar ta tsallake ta don ta saki kurwarta. Ya Kellu ba ta yi kuka ba. Zanenta kawai take ta kamawa kada ya kwance. Matan da suke sayen daddawa a wajenta su ne kan gaba wajen tofa mata yawu.

Da Falmata ta koma cikin gida, Suwaibatu ta riƙe mata hannu. "Don Allah ki rufa mana asiri. Da wannan muke ci."

Ta fizge hannunta. Tuwon da aka ajiye mata ma kallonsa ta kasa yi, ta ɗauki jakarta ta nufi tasha.

A Gashuwa ta nemo hoton auren Suwaibatu, ta raba fuskar Mudi kansa a leda biyu, ta koma Nguru ta kai wa mai unguwar su Mudi. Ya haɗa ledojin, ya tuntsire da dariya, ya kira na kusa da shi.

"Ku zo ku ga Malam Mudi! Kai, zamani! Hajiya, ni ma za a yi mini?"

"Ranka ya daɗe, maganar Ya Kellu na zo yi."

"Ai ta tafi Machina wajen ƙanenta. Abin da ya wuce a bar shi. Kada ki tone wa yayarki asiri."

Ita kuwa 'yar Dunoma, wani kawunta ya kai ta asibiti, aka ce taifot ne, ta sha magani ta warke. Unguwa ta ce tsallaken ne ya yi aiki, zauren Mudi ya ƙara cika.

Ranar kasuwar Machina Falmata ta shiga mota. Ta sami Ya Kellu a ƙarshen layin masu kayan miya, ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata bayani tun daga farko, yadda aka kawo hoto, yadda ta raba shi, yadda aka yaudare ta. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ba ta gane zancen kwamfuta ba, abu ɗaya ta kama.

"Wato ke kika saka ni a ciki?"

"Ni ce, Ya Kellu. Amma ban sani ba."

"To, 'yata, ke kuma me na yi miki?"

Ta ja tsumma ta rufe faifanta, ta juya baya. Falmata ta daɗe a durƙushe. Da ta ga masu saye sun fara tsayawa suna kallonsu, ta tashi don kada ta kore wa tsohuwar kasuwa.