Bakoji a Kan Tanki

Duk wanda ya san hanyar Gayam zuwa Birnin Gwari ya san Bakoji ɗan acaɓa. Ko bai san fuskarsa ba, ya san zamansa. Mutane in sun hau babur a kan kujera suke zama. Shi kuwa kan tankin mai yake ɗarewa, wuya a miƙe, gadon baya a lanƙwashe kamar mai tsintar gyaɗa. Abokan sana'arsa cewa suke salo ne na ƙara wa mashin gudu. Ina fa gudu. Surukarsa ce sila.

Tun da rikicin daji ya ɗan lafa aka koma cin kasuwa, Inna Saliha, mahaifiyar matarsa Raliya, ta ci gaba da kai daddawarta gari sau biyu a mako. Mijin 'yarta yana da babur, ta hau na wani? Abin magana ne. Gadon bayan suruki kuma ya taɓa jikin uwar matarsa? Wannan ya fi wancan muni. Sai Bakoji ya nemo wa kansa mafita. Ya matsa gaba, ya ƙara matsawa, har kujera ta ƙare. A haka yake ratsa gargada da yashi da ramuka, bai taɓa waiwayawa ba don kunya. Tun yana yi ranar kasuwa kaɗai har jiki ya saba, ya zama ko buhun masara ya ɗauko, kunyarsa yake ji.

Ciwon ya fara ne daga ƙugu. Da fari in ya sauka sai ya dafa tanki ya ƙirga biyar kafin ya miƙe. Daga baya ruku'u ya gagara, sai ya riƙa yin rabi yana neman gafarar rabin. Abokinsa Tasi'u, wanda bai taɓa jin wata cuta a duniya ba face ya ce basir ce, ya haɗa masa jiƙon saiwoyi mai ɗacin tsiya. Bakoji ya sha kwana bakwai. Cikinsa ya wanku tas, bayan yana nan yadda yake.

Ranar da ya kasa buga kik da safe, ƙafa ta ɗau zugi har yatsu, ranar tsoro ya kama shi sosai. Gonarsu ta cikin daji ba ta koma hannu ba tukuna. Wannan babur shi ne tuwon gidan, shi ne makarantar yara uku. In baya ya ajiye shi, ya ajiye su duka.

Da aka tayar masa da babur, ya lallaɓa asibitin sha-ka-tafi na gari, ya ce wa Raliya gyaran taya zai je. Ma'aikaciyar jinyar, Sista Dinah, mutuniyar kudancin Kaduna ce, mai faɗin magana yadda ta zo mata. Ta danna nan, ta danna can, ya yi salati. Sannan ta ce, "Mu je waje ka nuna mini yadda kake zama a mashin."

Ya hau ya nuna mata. Ta daɗe tana kallo.

"Malam Bakoji, hayar kujerar ka bayar?"

"Surukata nake ɗauka, Sista."

"To kullum tana kai ne? Ka koma baya, ka zauna inda aka yi don zama, ka saki kafaɗa. In ba haka ba, baɗi war haka kana tabarma, wani na tuƙa mashin ɗin nan."

"Ba zai yiwu ba."

"To daina ɗaukarta."

"Shi ma ba zai yiwu ba."

Yana cikin wannan ba-zai-yiwu ɗin ne ya hango bencin mata a ƙarƙashin mangwaro. Wata tsohuwa ce zaune a gefe ɗaya na mazauninta, hannu dafe da kwankwaso, kati a cinya. Inna Saliha. Ita da ta ce musu barkar haihuwa za ta je. Idanu suka haɗu, nan take kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Sista Dinah ta dube shi, ta dubi tsohuwar da take bai wa man zafi wata uku ba tare da ta gane bakin zaren ba. Ta ce, "Mama, wannan ne mai kawo ku kasuwa? A ina kuke zama?"

Inna ta taso da ƙyar, ta nuna da bakin mayafi. Ba kujera ta nuna ba. Kariya ta nuna, ƙarfen nan na baya da ake ɗaure kaya. Ashe duk lokacin da Bakoji yake matsawa gaba, ita ma baya take ja, har kujera ta ƙare mata ita ma. Shi bai waiwaya ba, ita ba ta yi magana ba. Sista ta shafa tsakiyar kujerar. Ledar da babur ya zo da ita daga shago tana nan, ko ƙwarzane babu.

Dariya ta ci ƙarfinta har ta riƙe bango. "Mutum biyu, ciwo biyu, ga katifa a tsakiya ba kowa."

Bakoji ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma abin da ya fi kunyar zafi shi ne tausayi. Tsohuwar nan a kan ƙarfe take shan ramukan da shi ma da ƙuruciyarsa suka karya shi.

"Sista," in ji shi, ido a ƙasa, "ki ce wa Inna su yi haƙuri, ban sani ba."

"Sista," in ji Inna, "ki ce wa yaron nan ba laifinsa ba ne."

"Ga ku ga juna, ni ce waya?" Ta yage ledar da hannunta. "Ku hau in gani."

Suka hau. Ta tura shi baya, ta jawo Inna gaba, har saura ɗan tsakani kamar faɗin tafin hannu. Bakoji ya ji abu mai taushi a ƙarƙashinsa, baƙo ne a babur ɗinsa. Suka fita suna sanƙare kamar an ɗaura su.

Sai dai Sista ba ta bin mutane gida. Suna barin kwalta suka kama burji, jikin Bakoji ya fara halinsa. Rami ɗaya, ya zame gaba kaɗan. Rami na biyu, ya ƙara. Ƙugu ya fara zugi, gumi ya karyo, amma ya kasa tsayar da kansa. Yana dab da komawa tanki ya ji an damƙi wuyan rigarsa ta baya, an fizgo shi da ƙarfin da bai taɓa zaton mai daddawa tana da shi ba.

"Bakoji. Zauna."

Saura kaɗan ya saki babur. Shekara tara da aurensa, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Daga "yaron nan" sai "mijin Raliya".

"In ka nakasa, jikokina ni zan goya su a kan ƙarfen?"

"A'a, Inna."

"To zauna."

Ya zauna. Idonsa ya cika da ƙwalla, ya bar wa iska laifin. Ba ta saki rigar ba har suka hango rumbunan ƙauye. A nan ta ɗan sunkuyo ta rage murya.

"In kuma ka gaya wa Raliya na kama sunanka, cewa zan yi ciwon ya taɓa maka kunne."