Kunkurun Iya Kulu a Ruwan Gishiri

Auwal bai taɓa ganin teku ba. Iyakar ruwan da ya sani Kogin Kaduna ne, shi ma daga kan gada. Amma tun da Alhaji Gambo ya ba shi manajan ɗan gidan namun dajin da ya buɗe a hanyar Rigachikun, sai ga Auwal ya zama masanin dabbobin duniya, yana tafe yana kaɗa makullai. Ƙanwarsa Zulaiha kuwa ta san abin da ke wurin sarai: birai masu ƙaiƙayi, jimina mai ɗingishi, sai wani kada da ba ya motsi sai an jefe shi.

Wata ɗalibar jami'a ce ta jawo abin, ba da gangan ba. Ta zo bincike, ta ce duk gidajen namun dajin da ta zaga ba ta ga ko dabba ɗaya daga tsibiran can tsakiyar teku ba, inda ake samun kunkurun da ya fi turmi girma. Alhaji ya ji maganar kamar zagi. Nan take Auwal ya bugi ƙirji ya ce kafin Sallah za a sha mamaki.

Tsibirin da ya nufa shi ne unguwar Badarawa, gidan kakarsu Iya Kulu, inda Zulaiha take zaune tana kula da ita. Tsohuwar tana da wani ƙaton kunkuru da ta zo da shi tun tana amarya. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse, ido ya yi rauni, shi kaɗai ya rage mata abokin hira. Kullum da safe ta ƙwanƙwasa ƙwarya, ya jawo jiki ya zo ya ci ganyen yakuwa a tafinta.

"Amaryata, aro na zo," in ji Auwal, yana yi mata wasan jika da kaka. "Kwana biyu kawai, ya je ya ga duniya."

"Kai dai maigidan nan ba ka zuwa sai da buƙata," ta ce tana dariya. "Ka dai kula min da shi, ba ya son sanyi."

Zulaiha ta bi shi har bakin mota. "Yaya Auwal, ka ji tsoron Allah. Wannan kunkurun tudu ne, kowa ya san irinsa."

"Ke me kika sani? Karatun dabbobi kika yi?"

Shi ma dai bai yi ba.

Kwana biyu suka zama makonni. Iya Kulu ba ta daina ƙwanƙwasa ƙwarya ba, sai ta tuna, ta ajiye ta. Washegarin Sallah Zulaiha ta gaji da ƙaryar "gobe", ta hau mota ta tafi da kanta.

Ta tarar da jama'a sun yi cincirindo a gaban wani allo: KUNKURUN TSIBIRIN TEKU, BABU IRINSA A AREWA. Ta kutsa. A lissafin Auwal, abin da ya fito daga tsibiri ai ruwa yake so, ruwan teku kuma gishiri gare shi. Don haka ya sa aka haƙa tafki mai zurfi da bango mai santsi, aka shafe shi da shuɗin fenti, aka juye masa buhun gishiri, aka tura dabbar ciki tun jiya don 'yan yawon Sallah. Ko tudun da zai hau ya huta ba a yi masa ba.

Kunkurun yana kwance a ƙasan ruwan, wuya a miƙe. Yara suna ta jifansa da bawon gyaɗa, Auwal na gefe yana yi wa wasu 'yan mata bayanin cewa haka suke barci a ƙasarsu.

Zulaiha ta tattare zani ta faɗa ciki, ruwan har ƙirji. Da ƙyar, da taimakon wani mutum, ta fito da shi. Ta ƙwanƙwasa bayansa yadda Iya take yi wa ƙwarya. Ƙafafun suka yi laƙwas, ruwa ya zubo daga bakinsa. Hawaye suka zo mata, amma raini ya fi su yawa.

"Kin watsa min 'yan kallo," in ji Auwal ƙasa-ƙasa. Ya duƙa, ya taɓa mushen da ƙafa, ya ɗan yi tunani. "To, tun da abin ya riga ya faru, ki bar min ƙoƙon bayan mana. Allon nan sabo ne."

Ba ta ko dube shi ba. Ta cire mayafinta ta lulluɓe kunkurun, aka ɗora mata shi a keke mai ƙafa uku.

Zulaiha na shiga zaure, Iya Kulu ta ji nishin masu ɗauko kaya mai nauyi. Fuskarta ta washe, ta laluba gefen tabarma ta jawo ƙwaryar yakuwa.

"Zulai, kun dawo da shi? Ajiye shi nan kusa, na san yunwa yake ji."