Silifas ɗin Yaya Tabawa

Daren jiya wani mafarki na yi. Na tsinci kaina a wani fili tare da duk telolin layinmu, wai za a gina mana sabon wurin ɗinki. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya tafi sama, don haka kowa ya juya lemarsa ya zauna a ciki.

Injiniyan ginin talo-talo ne, da hular kwano a kansa. Ya ce a garinsu ba a aza tubali sai masu aikin sun san juna. Ba wanda zai roƙa wa kansa komai. Za a yi musayar takalma, kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ke ji, ya roƙa masa. Kuma numfashi ɗaya aka ba kowa, in ya ƙare magana ta ƙare.

Ni silifas ɗin Yaya Tabawa na samu, mai ɗinkin zannuwan gado, wadda kekenta ke kusa da nawa tun ina sabon shiga. Ina zura ƙafa gwiwoyina suka ɗauki zogi kamar an cusa musu tsakuwa. Na dube ta, ta kawar da kai tana gyara mayafi. Ashe da wannan ciwon take taka keke kullum har la'asar.

Sai ga mu cikin kwale-kwale a tsakiyar kasuwa, taron kuma bai tsaya ba. Wani ya roƙa wa mai yi mana gugar kaya ƙofa ta wajen iska, nan take ƙofar ta tsiro a tsakanin rumfuna. Yaya Tabawa ta miƙe cikin takalmana, tana ƙanƙance ido.

“A yi wa Sallau babbar taga ta gabas,” ta ce, tana nuna ni. “Ba ya ganin kafar allura, kunya ce ta hana shi faɗa.”

Aka zo kaina. Na san abin da zan ce sarai: a ba ta ɗaki a ƙasa, kada a haɗa ta da matakala. Amma da na ga manya zazzaune sai na ga bai dace in faɗa magana haka kawai ba. Na yi musu ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa. Talo-talo yana amsa kowace cikin natsuwa. Ina cewa “Yaya Tabawa dai,” numfashin ya ƙare.

“Mun ji,” in ji shi. “Ita ma tana gaishe mu.”

Ginin ya tashi a gabanmu kamar kwaɓin fanke. Da yake ba a roƙa mata komai ba, ɗakin da ya rage aka ba ta, can ƙololuwa. Na buɗe baki in yi gyara, zare ne kawai ke fitowa, fari, ba ƙarshe.

Sai ga ni a ɗakina, haske ko'ina, har ƙurar da ke kan allura ina gani. Na leƙa ta tagar. Tana zaune a matakalar farko, kekenta a gefe, tana murza gwiwa. Na fito in je wurinta, amma duk takun da na yi ƙasa sai ya kai ni hawa na gaba.

Ta ɗaga kai. “Tagar ta yi maka?”

“Ta yi, Yaya.”

“To madalla. Koma bakin aikinka, ni zan ɗan huta a nan.”

Ba fushi a muryarta, wannan ne ya fi damuna. Na tsaya na yi tunani, na ga in dai saukowa hawa ne, to in hau mana. Na juya na kama hawa da gudu, sai ga ta tana matsowa kusa. Har na miƙa hannu zan ɗaukar mata keken, maƙwabcina ya tada injin niƙansa, na farka.