Ajiya a Ɗakin Goggo

"Wannan kuma na waye?" Anti ta tambaya, tana janyo wani buhu daga ƙarƙashin gado.

"Namu ne," na ce. Ba ta ji ba, sai da na maimaita.

"Akwatin can fa?"

"Namu ne."

"Keken ɗinkin nan marar ƙafa?"

"Na matar direba ne."

Ta miƙe ta riƙe ƙugu, ƙura duk ta ɓata mata riga. Anti ita ce 'yar Goggo Mai Guga, tsohuwar da ɗakinta ke manne da namu. Da safen nan ta iso daga garin da take aiki, bayan an kira ta an ce jikin uwarta ya tsananta. Ta zo da katifarta a naɗe don ta kwana kusa da ita, sai ta rasa inda za ta shimfiɗa. Daga ƙofa zuwa gado wata siririyar hanya ce kawai, sai mutum ya bi ta a karkace. Sauran ɗakin duk kaya ne har kusa da rufi: buhuna, kwalaye, tukwane, tabarmi, fanka biyu da suka mutu, tayar babur. Goggo tana kwance a tsakiyarsu tana bin mu da ido. Wannan kwana goma sha biyu ke nan kafin rasuwarta.

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki bakwai, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Kowane ɗaki da iyali a ciki. Mu shida ne a namu. Goggo ce kawai take zaune ita kaɗai. Da can wanki da guga take yi wa mutane. Da bayanta ya ƙi, ta ba da teburin gugar, sai fili ya samu a ɗakin. Umma ce ta fara kai mata babbar tukunyarmu, ta ce kwana biyu kawai. An shekara takwas da kwana biyun nan. Bayan Umma kowa ya bi sahu, Goggo kuwa ba ta taɓa cewa wuri ya cika ba.

Ba ta rubutu, amma ba ta taɓa haɗa kayan wani da na wani ba. "Shekara talatin ina wa mutane wanki," takan ce, "ban taɓa ba wani wandon wani ba. Tukunya ce za ta ruɗe ni?"

Ni ce 'yar aiken Umma. Ba ni da baki, tun ina ƙarama. A aji huɗu na bar makaranta, kuma ko a can ban taɓa ɗaga hannu ba. Ba na shiga ɗakin kowa. Amma idan an aike ni, maganar tana hannuna a shirye: Umma ta ce a ba ta kaza. Da ita nake shiga.

"Zauna tukuna, 'Yar Shiru," Goggo takan ce. "Tukunya ba ta da ƙafa."

Sai in zauna a kan wani kwali. Ta yi ta magana, ni ina ji. Kafin in tashi wata ta shigo neman rariyarta, wani ya leƙo ɗaukar famfon tayarsa. A rana sai mutum goma su shiga ɗakin nan.

Anti ta fito tsakar gida ta tsaya inda kowa zai ji ta.

"Kun mai da uwata sito. Shekara nawa ina aiko mata da abin da zan iya, ashe ko wurin miƙe ƙafa ba ta da shi."

Matar direba tana wanke-wanke, ta ɗago kai. "Ita ta ce mu kawo, baiwar Allah."

"Ko ita ta ce, ku ba ku da ido?"

"Ki bar su," muryar Goggo ta fito daga ciki. "Ba su tare min komai ba."

"Sun tare miki iska, Inna. Likita ya ce ƙirjinki iska yake so."

Gaskiya Anti ta faɗa. Kafin rana ta yi tsaka kowa ya kwashe nasa, kai a ƙasa. Namu ya fi na kowa yawa. Muka jibge shi a bakin ƙofarmu, Umma ta tsaya tana kallonsa kamar baƙon da ya zo ba sanarwa.

"To, ke," ta ce min. "Ki san yadda za ki yi da shi. Ni kaina ciwo yake."

Kwana uku na yi ina neman wuri a ɗakin da na ɗauka na san ko'ina nasa. Baba ya samo bulo takwas muka ɗora ƙafafun gado a kai, akwatuna biyu da buhu suka shige ƙasa. Gadon ya yi tsawo har sai Umma ta taka kujera take hawa.

"Da tsufana kun mai da ni kaza," ta ce. "Sai na hau bisa zan kwana."

Na roƙi katako a wurin kafintan bakin layi, Baba ya kafa shi a saman ƙofa. Na zuba ƙananan tukwane cikin manya, kwanoni cikin tukwanen, cokula cikin kwanonin, na ɗora duka a can. Kayan sanyin ƙannena na cusa su cikin rigunan matashi, muka riƙa tada kai da su. Na buga ƙusoshi a bayan ƙofa na rataye takalma. Tabarmi na ɗaure su da igiya a jikin rufi. Hannuna ya yi kanta, bayana kamar an taka. A rana ta uku babu abin da ya rage a waje.

Umma ta juya a tsakiyar ɗaki tana dubawa. "Ashe akwai wuri," ta ce. Ta fita tana gaya wa mata cewa 'yarta ba ta magana amma tana da kai.

Ɗakin Goggo kuwa ya zama fili. Anti ta wanke shi da ruwan magani, ta goge bango, ta shimfiɗa katifarta. Rana ta fara shiga ta tagar da na manta akwai ta. Kowa ya ce ɗaki ya yi kyau.

Daga bakin ƙofa suke faɗa. "Goggo, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Sai su wuce. Wasu kunyar maganar Anti ce ta hana su, wasu tsoron taka dandamalin da aka goge. Matar direba ta ce ita ƙafarta ta daina zuwa inda aka kira ta makauniya. Yawancinsu kuwa ba fushi ba ne. Ba su da abin ɗauka a ciki, kuma kowa da abin da ya dame shi.

Da safe Anti takan fita layin karɓar magani, ba ta dawowa sai rana ta take. Ta bango nake jin tarin Goggo. Da can kaya suna shanye shi, yanzu sai ya riƙa amsa kuwwa. Sau biyar a rana nake wuce ƙofarta zuwa famfo. Idan iska ta ɗaga labule, ina ganin fuskarta a juye wajen ƙofa. Sai in rage tafiya, in kai hannu kusa da labulen, in wuce. In na shiga hannu rabbana, me zan ce na zo yi?

A rana ta shida na ji Goggo ta kira matar direba.

"Ba kya bukatar komai?"

"A'a, Goggo, komai yana wajena yanzu. Ki huta abinki."

Na ajiye bokitina na koma ɗaki. Na hau kujera na sauko da babbar tukunya, na fitar da duk abin da na kwana uku ina shiryawa a cikinta, na bar shi a ƙasa. Na rungume ta na fita.

Anti tana zaune a bakin ƙofa tana wanke zanin gado. Ta dubi tukunyar, ta dube ni.

"Ina za ki da wannan?"

"Babu wuri a ɗakinmu," na ce.

"Babu wuri? Shekaranjiya uwarki ke ta yabon ki a tsakar gidan nan."

Na sunkuyar da kai. Tukunyar ta fara yi min nauyi.

"Ki bar ta ta shigo," in ji Goggo. "Ajiya ta kawo."

"Inna, yanzu fa muka samu ɗakin nan."

"Ɗakina ne ko naki?"

Anti ta ja kwanon wankinta gefe ba tare da ta kalle ni ba. Na shiga. Goggo ta ƙara ramewa, bargo kamar babu kowa a ƙarƙashinsa. Amma ta ɗaga yatsa.

"Ba nan ba. Can jikin bango. Kife ta, kada ɓera ya mai da ita gida."

Na kife ta. Babu kwalin zama, sai na zauna a kanta.

"Ke ba ki iya ƙarya ba," ta ce. "Yatsun ƙafarki kike kallo." Ta yi dariya, tari ya karɓe. Da ya lafa ta fara tambaya. Wa ya ɗauki fankar mai shuɗin kai? Na ce mai gyaran rediyo. Ta ce daidai, tasa ce. Matar direba ta ga ƙaramin kwalin allurai? Yana cikin aljihun keken, na hagu. Mijin mai kitso ya dawo ko har yanzu? Na amsa abin da na sani, kalma biyu uku. Sauran ita ta cike da kanta.

Da na tashi ta riƙe bakin zanina. "Gobe ki zo ki ɗauka. Jibi ki dawo da ita."

Anti tana tsaye a ƙofa da jiƙaƙƙen zani a hannu. Ta ji.

Washegari da na zo, ita ta ɗaga min labule. "Inna, mai tukunya ta zo," ta ce, ta ɗauki jakarta ta tafi layin magani. Haka muka yi ta yi. Yau in ɗauka, gobe in mayar. Kayan da na zazzage suna nan a ƙasa, ƙannena suna tuntuɓe da su.

"Wai tukunyar nan yaji take yi ne?" Umma ta tambaya. "Ta tafi, a yi biko, ta dawo?"

"Goggo ce ta ce."

Umma ta dube ni jim kaɗan, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "In kin shiga ki gaishe ta. Ni ma zan leƙa in na samu sarari."

Na so in gaya wa matar direba ta mayar da kekenta, ko da kwana ɗaya. Har na je bakin ƙofarta na tsaya, na shirya maganar a raina. Ta fito ta gan ni.

"Lafiya, 'Yar Shiru?"

"Aron tsintsiya," na ce. Ta ba ni. Na koma ɗaki da tsintsiya biyu.

Rana ta goma sha biyu ranar mayarwa ce. Da yamma ne, ruwa ya zo bayan kwana biyu babu, mata sun yi layi a famfo. Anti tana can baya tana shanya. Na kife tukunya na zauna. Goggo ba ta yi tambaya ba ranar. Numfashinta yana fita a hankali, da ɗan ƙara kamar ana jan tabarma a ƙasa. Na zauna ina kallon hannunta. Duk tabon ƙunar dutsen guga ne, tsofaffi, sun yi fari.

Hayaniya ta tashi a waje. Ta buɗe ido.

"Su wa ke faɗa?"

"Umma ce da matar direba. A kan layi."

"Wa ya riga?"

"Matar direba."

"To uwarki ce za ta ci." Bakinta ya ɗan motsa. "Ɗaga min labulen in gani."

Na tashi na tattara labulen na ɗaga shi sama, na matsa gefe don kada in tare mata. Babu ƙusar da zan maƙala shi, sai na riƙe. Daga gadon ana ganin famfo, da bokitai a jere, da Umma tana nuna yatsa.

"Tun asuba bokitina ke nan," Umma ke cewa.

"Bokiti ne ke layi ko mutum?"

"Jiya da naki ya kwana a nan, mutum ne?"

Mata suka kwashe da dariya. Na waiwaya in ga ko Goggo ta ji. Idonta yana kan tsakar gida, a buɗe. Ƙaran nan na ƙirjinta babu shi. Na jira bargon ya ɗaga. Bai ɗaga ba.

Na san ya kamata in kira Anti. Na buɗe baki, murya ta ƙi. Hannuna ya gaji, kafaɗata tana zafi, amma ban saki labulen ba.

Matar direba ce ta fara juyowa. Ta gan ni, ta dubi bayana, maganar da ke bakinta ta tsaya. Umma ta bi idonta. Ɗaya bayan ɗaya suka juyo, har tsakar gida ta yi tsit, duk suna kallon cikin ɗakin. A ƙarƙashin famfo bokitin Umma ya cika. Ruwa ya riƙa zuba ta bakinsa yana bin siminti, yana ratsa tsakanin ƙafafunsu, babu wadda ta kai hannu ta rufe.