Abin da Tukunya Ke Faɗa

A wani gidan abinci mai tebur tara akwai wani kuku dogo siriri, abokan aikinsa suna ce masa Mai Hanci. Shekara ashirin da biyu yana kicin ɗin nan, kuma ko yana bakin ƙofa yana ɗaure takalmi yakan faɗa musu albasa ta soyu ko da saura. Abu biyu ake zuwa ci a gidan: shinkafar da yake fara soyawa a mai kafin ya zuba mata romo, da manyan tattasai da tumatir da yake ƙwaƙulewa ya cika musu ciki da shinkafa da karas da ganye.

Sai wata mura ta kwantar da shi kwana shida. Da ta tashi tafiya ta tafi da hancinsa da harshensa. Ya ɗauki kanumfari ya shinshina, ya ji kamar tsakuwa ya kai hanci. Bai gaya wa kowa ba. A mako ɗaya shinkafa ta kama sau biyu yana tsaye a kanta, sai da masu ci suka dawo da faranti. Uwar ɗakinsa, mai gidan abincin, ta ja shi bayan firji, ta ce ba ta son raba shi da aikinsa, amma ranar Asabar direbobi talatin za su ci abincin rana. In ta sake ƙonewa, za ta nemi wani.

Ranar Alhamis da la'asar ya tafi wurin goggonsa, wata tsohuwa makauniya da ke ɗaki ɗaya a bayan shagon tela, wadda ba ta taɓa yarda wani ya dafa mata ba. Ya zayyana mata komai. Ta yi dariya har da tari.

"Kunnuwan nan naka masu kama da murfin tukunya, ado aka maƙala maka, ɗan nan?"

Ta ce kafin ƙauri ya iso hanci, tukunya ta yi magana sau uku. Ta sa ya rufe taga, ta ɗaure masa ido da ɗankwalinta, ta kunna risho. Albasa ta faɗa mai da hayaniya kamar ruwan sama a kan kwano, sannan hayaniyar ta yi ƙasa. Nan ne, in ji ta, ruwan jikin albasar ya ƙare. Shinkafa a ƙarƙashin ludayi da fari tana motsi kamar jiƙaƙƙen yashi, can sai ta koma ƙas-ƙas kamar ƙananan duwatsu. Ta zuba romo, ta shimfiɗa tawul a bakin tukunyar, ta rufe, ta rage wuta. Ya kara kunne. Tukunyar ta yi surutu, ta koma gunaguni, ta koma raɗa. Daga can ƙasa sai ya ji wani ɗan ƙis, siriri kamar an karya tsinken tsintsiya a wani ɗaki.

"Sauke," in ji ta.

Shekara ashirin da biyu tukunya tana yi masa wannan magana kullum, shi kuwa yana can yana bin rediyo da waƙa.

Ranar Asabar ya kashe rediyo da fanka. Mai wanke-wanke ta tambaya ko rasuwa aka yi. Ya ƙwaƙule tattasai sittin, yana ƙwanƙwasa kowanne da farce ya ji kaurinsa, ya cika su bai kai baki ba don shinkafar ta sami wurin kumbura, ya jera su a tsaye kafaɗa da kafaɗa. Gishiri kuwa ya bar wa yatsunsa uku, su da suka san awonsu tun kafin mura. Ya tsuguna kusa da babbar tukunya, ido a rufe, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Surutu, gunaguni, raɗa. Wata babbar mota ta wuce a titi ta cika kicin da ƙara, ya ƙara matso da kunnensa. Da ta yi nisa, ya ji ƙis ɗin nan, sau ɗaya, sau biyu. Ya sauke.

Da aka buɗe, shinkafar ta yi wara-wara, ƙasanta ya yi ja bai ƙone ba, tattasai kuwa ko ɗaya bai fashe ba. Uwar ɗakin ta ci cokali ɗaya, ta ci na biyu, ta ajiye cokalin. Shi kuwa ya kasa ci gaba da ɓoyewa.

"Ranki ya daɗe, ba na jin ƙamshi. Ba na jin gishiri ma."

Ta ce ai ta sani, tun ranar da tawul ya kama wuta a gefensa yana ta yanka karas. Ta zare wayar rediyon daga bango, ta rungume shi ta fita da shi, ta ce daga yau a ofis zai zauna.

Direbobi suna can suna neman ƙari. Shi kuwa ya ɗebi cokali ɗaya ya sa a baki. Bai ji daɗi ba, bai ji ɗaci ba. Amma ya ji kowace ƙwaya daban a kan harshensa, da ɗuminta, har ya iya ƙirga su.