Littafin da Muka Binne da Baba

Baba bai yi boko ba, amma duk Awka ban san maƙerin bindiga da ya kai shi yarda da littafi ba. Littafin ɗaya ne tak, ƙato, mai jan bango, man bindiga ya mayar da shi baƙi-ƙirin ta gefe. Wani Bature mai gyaran makamai a Enugu ya bar masa da zai koma gida, Baba ya raɗa masa suna Tsoho. In mafarauci ya kawo bindigar da ta gagare shi, sai ya ajiye masaba, ya goge hannu, ya ƙwala mini kira.

"Ada! Zo ki tambayar mana Tsoho."

Ni ce Ada, babbar 'yar gidan. Ba a barin mace ta taɓa zuga-zugi, don haka a bakin ƙofar maƙera nake zama, in karanta Turancin in mayar masa da Ibo, shi kuwa yana bin hotuna da yatsa, wani lokaci har da yi wa shafi gardama. Da yaƙin basasa ya kore mu daji, katifa muka bari, Tsoho Baba ya ɗora a ka. Har Mama ta bar duniya ba ta yafe masa wannan ba.

Ƙanena Anayo shi ne babban ɗa namiji, shi ya kamata ya gaji maƙera. Ya ƙi, ya tafi Onitsha sayar da kayan gyaran mota, Allah kuwa ya buɗa masa. Baba bai taɓa yi masa gori ba. Dangi suka ɗauke masa wannan aikin.

Da Baba ya rasu, aka shimfiɗe shi da jar hularsa, aka sa masa masaba da awartaki a akwati kamar yadda ake yi wa maƙeran gidanmu. Sai Anayo ya fito daga ɗaki rungume da Tsoho, ya dube ni.

"Ada, Baba ba zai iya zama can babu shi ba."

Na ce ya sa. Kuka nake, na kuma ga abin ya yi kyau. Aka rufe akwati, aka saukar a kabarin da aka haƙa a tsakar gida, aka mayar da ƙasa.

Saura abu ɗaya. A gidanmu ba a gama binne maƙeri sai babban ɗansa ya ɗora bindigar mamacin a kafaɗa ya harba sama, don kakanni su san wanda ke tafe. Bindigar Baba tsohuwa ce ta ɗuri, ya ƙera ta tun yana saurayi. Ƙanen Baba, Ichie Nwogbo, shi ke ɗura ta. Maƙeri ne shi ma, amma na fartanya da ƙyauren ƙarfe, kuma bai taɓa yarda akwai abin da ya shige masa duhu ba.

Ina wucewa da tiren goro na hangi gwangwanin madara a hannunsa. Garin da ke ciki ba baƙin albarushin da na sani ba ne. A gindin bango kuwa ga jajayen kwanson harsashi zube, duk an farke su. Wani shafin Tsoho ya dawo mini, da hoton bindigar da bututunta ya dare kamar an ɓare ayaba. Sau da yawa Baba ya sa na karanta wa mafarauta shi, har na gaji.

"Nna anyi," na ce masa, wato babanmu, "me kake zubawa?"

"Miyar shuwaka. Me ya yi miki kama?"

"Ina albarushi?"

"Ki je ki tambayi 'yan kasuwa, sun ce ya yi ɓatan dabo. Wannan ma ya fi shi ƙara. Wuce ki raba goronki."

"Garin harsashin zamani ne! Tsohon bututu ba ya ɗaukarsa. Fashewa za ta yi a fuskar Anayo."

Ya juya ya dubi maza 'yan'uwansa, suka yi dariya.

"Kun ji malamar makaranta. Yaushe kika fara ƙira ban sani ba? Wa ya gaya miki?"

"Tsoho ya faɗa."

"To ɗauko shi ki nuna mana."

Kowa ya dubi tudun jar ƙasar da ko bushewa bai yi ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Da littafin na hannuna, da na buɗe hoton sun yi shiru, don dukansu sun san Baba bai taɓa raina shi ba. Yanzu ba ni da komai sai bakina, bakin mace kuwa ba ya nauyi a zancen ƙarfe.

Anayo ya karɓi bindigar. Na san tsoro yake ji. Amma wani daga baya ya ce, "Ku bar ɗan Onitsha, a ba shi sifana ya harba," sai ya taune leɓe.

"Ada, matsa."

"Ba zan matsa ba."

"Kada ki kunyata ni a kan kabarin ubana. Na ƙi ƙira, na ji. Wannan ɗayar ma sai ki hana ni?"

"Ni na goya ka, Anayo. Gara a yi maka dariya da yatsunka goma."

Na kama bakin bindigar da hannu biyu na zauna daɓas a ƙasa. Mata suka yi ihu. Sai gwaggonmu Mgbafo, shugabar umuada, wato mu 'ya'yan gidan mata da muka yi aure waje, ta tako da sandarta ta zauna kusa da ni. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya san mu ya san in umuada suka zauna a gidan makoki, ko tukunya ba a saukewa sai sun tashi.

"Nwogbo," in ji Gwaggo, "ni ban san ƙarfe ba. Amma yayanka bai taɓa ba mutum bindiga ba sai ya ɗaure ta a agwalumar can ya harba ta da igiya. Yi mana haka. In ta tashi lafiya, yaron ya harba ta biyu, ita kuwa Ada ta biya tarar akuya."

Aka yi ta cacar baki har rana ta karkata, kafin suka yarda. Aka ɗaure bindigar a jikin agwaluma, aka ja igiya zuwa bayan maƙera. Anayo ne ya fizga, kansa a sunkuye.

Ƙarar ba irin ta bindiga ba ce. Kaji suka watse, yara suka fashe da kuka. Da hayaƙi ya lafa, bututun ya dare daidai inda hannun hagu ke riƙewa, ƙotar ta rabe biyu, wani guntun ƙarfe ya nutse a jikin bishiyar a tsayin kunnen mutum.

Kada ku ɗauka an gode mini. Ichie Nwogbo ya tsinci ƙotar ya ɗaga wa jama'a.

"Kun gani? Bindigar maƙeri, mace ta riƙe mata baki, aka ɗaure ta kamar akuya. Me zai hana ta fushi?"

Rabin mutanen suka gyaɗa kai. Ya sa gwangwaninsa a jaka ya fita, da sauran gari a ciki.

Da baƙi suka ragu na iske Anayo tsaye a bakin kabari, yana buɗe tafin hannunsa na hagu yana rufewa.

"Ada, me kuma Tsoho ya ce?"

"A kan me?"

"A kan komai. Faɗa mini, zan rubuta."

Na buɗe baki, na tarar abin da ke kaina bai taka kara ya karya ba. Shekara da shekaru ina karantawa, amma Baba ke riƙewa, ni baki kawai na ara masa. Shi da littafin ga su nan ƙarƙashin ƙafafunmu. Anayo ya dubi shebur da aka jingine a bango, ya daɗe yana kallonsa. Na ɗauke shebur ɗin na kai bayan maƙera, kada ya tone kabarin.

Daga baya Anayo ya bi shagunan littattafai na Onitsha da Enugu, har Legas, bai samu irin Tsoho ba. Ni kuma na gaya wa duk maƙerin da zai tsaya ya saurare ni haɗarin garin harsashi a tsohon bututu. Wasu sun ji. Wasu suka ce in kawo shafin su gani.

Har yau Ichie Nwogbo ake kira ɗurin bindiga in an yi rasuwa a dangi. In na ji harbi daga gidan makoki, sai in ajiye abin da ke hannuna in kasa kunne, in ji ko kukan da zai biyo baya na mamacin ne, ko sabo ne.