Ranar da Teku Ya Matso Gaya

Ni dai bakina ne ya ja mini. Ranar sunan ɗiyata, ga mata cike da tsakar gida, na bugi ƙirji na ce da hutun damina zan kai Gwaggo Yalwa ta ga teku. Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ta raine ni a Zabori bayan rasuwar uwata. Mijinta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, shekara talatin yana zuwa Kwatano a bakin teku yana dawo mata da labarin wani ruwa mai gishiri, kullum sai ya ce baɗi zai kai ta. Har ya koma ga Allah baɗin ba ta zo ba. Yanzu kuma idanunta sun fara hazo, an ce mana a likita abin gaba yake yi. Burinta ɗaya, ta ga ruwan nan tun tana gani.

Aka rufe lakwal, wato makaranta, sai ga Gwaggo a Gaya da ƙunshin kayanta da sabon zane. Ni kuwa malamin makaranta ne, ina ni ina tafiyar kwana biyu? Ga gadar kan iyaka a rufe, ga Gwaggo ba ta da ko takarda ɗaya mai hotonta. Kwana uku ina yi mata hanya-hanya. A na huɗu ta daina tambayata, kuma wallahi shirun nan ya fi tambayar ciwo.

Yacuba ne ya kawo dabarar. Abokina ne tun na ƙuruciya, yana da wata tsohuwar taksi da ake ɗaure ƙofarta da igiya, kuma bai taɓa jin kunyar ƙarya ba. Ya ce wai mene ne teku in ba ruwan da ba a hango ɗaya gaɓar ba? Ga kogi ya cika maƙil. In ana ruwa da iska, ko aljani ba ya ganin Malanbil, garin da ke ƙetaren kogin, daga nan. Abin da muke bukata kawai ranar da gari ya ɓaci.

Ban taɓa jin wanda ya roƙi Allah hadari don yawon buɗe ido ba, amma ni na roƙa. Ranar Laraba da hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwashe kwanukan rumfuna. Mutane na gudu suna shiga gida, mu kuma muka saka Gwaggo a mota.

Don tafiyar ta yi kama da tafiya, Yacuba ya kama hanyar Tanda, ya je ya dawo, ya sake komawa. Akwai wani rami a bakin gari da motar ke faɗawa sai kan mutum ya bugi rufi. A karo na uku Gwaggo ta dafe ƙugu ta ce ita fa kamar ta san ramin nan. Yacuba ko gezau, ya ce ai kamfani ɗaya ne ya shimfiɗa gudron, wato kwalta, a ƙasarmu da ta ƙetare, shi ya sa ramukan suke iri ɗaya. Ta ce to marigayi kwana biyu yake yi a hanya, mu yaya za mu isa kafin azahar? Ya ce marigayi da rani yake tafiya, da damina kuwa teku matsowa yake, kamar yadda tabki ke cin gona. Wannan ta yarda da shi nan take, don tabki ya taɓa cinye mata shinkafa.

Muka sauka a bakin kogi nesa da inda ake lodin jirage. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina buɗe laima iska ta juye ta ciki waje, na tsaya riƙe da ƙarafa kamar wawa. Amma aikin ya yi kyau: kogin ya yi jajir yana tumbatsa, gabanmu fari fat, babu Malanbil babu alamarta. Gwaggo ta tsaya zanenta na kaɗawa, tana ta salati a hankali.

Ana haka wani masunci, uban wani ɗalibina, ya wuto da taru a kafaɗa ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce Mushe Mansur, lafiya kuke tsaye cikin ruwa? Kamar in shaƙe shi. Na ce wa Gwaggo sunana ne ya kai har nan. Ta ce ai dama ta san ilimina ba zai tsaya a Gaya ba. Ta tambaya ina jiragen nan masu girman unguwa, Yacuba ya ce ba sa fitowa ranar Laraba.

Sai ta ce a ba ta ta ɗanɗana. Wannan kam na shirya masa. Tun a gida na zuba gishiri a buteli, wata 'yar kwalba, don haka na durƙusa na ɗebo ruwa, na girgiza a ɓoye cikin riga, na miƙa mata. Ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Mansuru, wannan ai gishirin Foga ne."

 Duk gishirin da ke kasuwar Gaya, na rasa wanda zan ɗauko sai na kwarinmu na Foga, wanda matar nan ta yi ƙuruciyarta tana tace ƙasarsa tana dafawa. Na juya neman Yacuba, sai na gan shi yana duban tayar mota.

Ta sake kurɓa. Ta ce dama ta daɗe tana tunanin inda ruwan Foga yake kai gishirinmu duk damina, ashe nan yake juye shi. Ashe duk sunan da teku ya yi, da gishirinmu yake taƙama. Ta ce in ta koma Zabori sai kowa ya ji.

Ban gama sauke numfashi ba ruwan ya fara tsagaitawa. Na ɗaga kai ina cewa a zuci ya Allah ko rabin awa. Ina! Iska ta kwanta, hazon ya yaye kamar an ja labule, rana ta fito. Ga Malanbil nan ɓaro-ɓaro: rufin kwano na walƙiya, hasumiyar masallaci, dogon ƙarfen tarho, har da mata masu wanki a ɗaya gaɓar. Yacuba ya shige mota ya ja igiyar ƙofa.

Na ce shi ke nan, gara ta ji daga bakina. Na buɗe baki ke nan ta kama hannuna ta matse. Fuskarta na kallon Malanbil sak, idanunta a buɗe.

"Ka gani ko, ɗan nan? Rana ta fito, kuma har yanzu babu ƙarshensa."

Na dube ta, ba wasa take ba. Wani jirgin masunta yana wucewa kusa da mu, ko taku ashirin bai kai ba. Na tambaye ta ko ta ga jirgin nan. Ta ce wane jirgi?

Sai a lokacin na gane. Kwana da kwanaki tana gidana ina ta lissafin yadda zan rufe mata ido, ban lura ba cewa hazon idonta ya riga ya rufe mata shi. 

Na ce mu tafi, zanenta ya jiƙe kar sanyi ya kama ta. Ta ce a'a, in bar ta ta ƙara kallo kaɗan. Muka tsaya a wurin har aka kira la'asar, tana kallo, ni kuma ina share hawaye da hannun da ba ta riƙe ba.